Yadda za ka gano ma'anar harafin Sinanci a intanet

Ka ga wani harafi a jikin kwalin kaya, ba ka san karatunsa ba balle ma'anarsa. Ga yadda za ka bi.

Da farko buɗe ƙamus na MDBG a intanet, ko ka sauke manhajar Pleco a wayarka. In harafin a wani shafi ka gan shi, kwafo shi ka liƙa a akwatin bincike, shi ke nan.

In kuwa a takarda yake, zana shi da yatsa a wurin rubutun hannu, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Ba sai ya yi kyau ba, kada dai ka tsallake zane ko ɗaya.

Zanen ya ƙi? Koma ga tushen harafin, wato ɓangarensa da ƙamus ke jera shi a ƙarƙashinsa. Ƙamus na Kangxi na shekarar 1716 ya tsara haruffa ƙarƙashin tushe 214, kuma har yau ana bin wannan tsari. Ɗauki 好: a hagu akwai 女, wato mace, shi ne tushen. Abin da ya rage, 子, ɗa ke nan, zane 3 gare shi. Zaɓi 女 a jerin tushen da ke ƙamus ɗin, duba masu ƙarin zane 3, za ka same shi: hǎo, mai kyau.

Sai ka danna alamar lasifika ka saurari furucin sau biyu ko uku. Nan Bahaushe ba baƙo ba ne, tunda mu ma karin sauti yana sauya mana ma'ana: mā uwa ce, mǎ kuwa doki.

Daga ƙarshe duba siffa ta biyu da ƙamus zai nuna maka. Dokin nan 马 ake rubuta shi a Beijing, a Taiwan da Hong Kong kuwa 馬.