Yadda Ake Gyara Bututun Wayar Lantarki da Ya Fashe a Bangon Gida

Bututun roba da ake zura wayar wuta a ciki, idan an kafa shi a waje, zafin rana ne ke fara cin sa. Yakan bushe har ƙaramin bugu ya tsaga shi, kuma da damina ta sauka ruwa ya samu hanyar shiga, don haka gara a gyara shi tun kafin ruwan farko.

Da farko a kashe wuta daga babban makunnin gidan, a kashe janareta da inbata idan akwai, sannan a gwada wayar da tasta, wato abin gwada ko akwai wuta a jikin waya. Kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ana iya dawo da ita hannu na kan waya, kuma wutar gida mai ƙarfin bolt 230 tana kisa. Idan ɓarnar tana tsakanin turken wuta da mita, wannan aikin kamfanin rarraba wuta ne, sai a kira su.

Bayan haka a kwance maƙalan da ke riƙe bututun, a duba wayar da kyau, domin lafiyarta ta fi ta bututun muhimmanci. Idan rigarta ta ƙone ko ta tsage har jan ƙarfe ya bayyana, a sauya ta gaba ɗaya daga akwatin haɗin wayoyi zuwa na gaba. Naɗe ta da salatif a mayar cikin bututu ganganci ne, domin laima na taruwa a wurin, ga shi ido ba ya gani.

A kwance wayar daga akwati mafi kusa, a ɗaura mata igiyar ja, a janye ta baya. A yanke ɓangaren da ya lalace da zarto, a goge bakin ya yi sumul don kada ya yanki waya. A samo sabon bututu mai kauri ɗaya da tsohon, galibi milimita 20 ko 25, a zura igiyar ta cikinsa da mahaɗai biyu, a shafa gam ɗin PVC, wato gam ɗin bututun roba, a haɗa. Sai gam ya bushe a jawo wayar.

Daga nan a mayar da maƙalan kusa da kowace mahaɗa, a toshe inda bututun ya shiga bango, a shafa masa fenti saboda rana. Kafin a kunna wuta, ƙwararren mai gyaran wuta ya duba haɗin, musamman wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa.