Yadda za ka bi yaronka ya gama sakandaren gwamnati a Legas da kiredit biyar

Yawancinmu 'yan Arewa mazauna Legas sai yaro ya shiga SS3 muke farkawa, a lokacin ne za ka ga uba yana tambayar nawa ne kuɗin WAEC, ina ake lesin mai kyau, wa ya san wani malami a makarantar. To gaskiya a lokacin rabin aikin ya riga ya wuce. Sakamakon da yaro zai fito da shi tun daga SS1 ake fara rubuta shi, kuma wani ɓangaren ma ba yaron ne ke rubutawa ba, kai uba ko ke uwa ne.

Ka fara da sanin abin da ake nema, don da yawa a cikinmu in aka ce yaro "ya ci" shikenan an yi hamdala ba a duba takardar ba. Makin WAEC da NECO tara ne, A1, B2, B3, sai C4, C5, C6, sai D7, E8 da F9. Kiredit daga C6 ne zuwa sama, wato daga maki 50. D7 da E8 sunansu fas amma in jami'a kake nema ba za su kai ka ko'ina ba. Abin da ake so kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin da yaro zai karanta, da Turanci da Lissafi a ciki, a zama ɗaya ko biyu, kuma kwas irin likitanci yawancin jami'o'i zama ɗaya suke so. A 2025 gwamnatin tarayya ta sassauta sharaɗin kiredit a Lissafi ga 'yan ats, wato masu layin adabi da lauya da makamantansu, wajen neman gurbi a jami'a, amma har yanzu dole su zauna jarabawar, ni kuma shawarata kar ka bari yaro ya ji wannan labarin ya jefar da littafin Lissafi, gobe yana iya son canza layi. Kuma kar a ɗauka abin banza ne kowa na samu, a 2024 kashi 72.12 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi a WAEC, a 2025 bayan an gyara sakamakon ya tsaya 62.96, ka ga kusan mutum huɗu cikin goma kenan ba su haye ba.

Kafin a kai nan akwai BECE a ƙarshen JSS3 wadda hukumar jarabawa ta jihar Legas ke shiryawa, da ita ake shiga babbar sakandare. Ba ta cika ba da wahala ba, sai dai ka adana takardar.

Inda nake so a tsaya sosai shi ne satin farko na SS1, lokacin da ake raba yara sayans, komasha ko ats. Yaro ɗan shekara sha huɗu ne ake bari ya yanke wannan shi kaɗai, shi kuma inda abokansa suka tafi can zai bi, ko kuma gida a matsa masa lallai sai sayans saboda ana son a ce akwai likita a dangi alhali tun JSS lissafi ke kayar da shi. Ka zauna da shi ku faro daga ƙarshe, me kake son zama, sannan ku dawo baya. Mai son likitanci a JAMB zai rubuta Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Injiniya Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Lauya sai da Litirecha, kuma wannan ita ce ke kama yaranmu, yaro ya guje mata a SS1 saboda littattafan sun yi yawa, sai ya zo cike fom ɗin JAMB a ce masa babu hanya. Darasi takwas ne zuwa tara ake yi wa rajista, kuma da yake an sake fasalin manhaja a 2025 kar ka dogara da abin da yayansa ya yi shekara huɗu da suka wuce, ka je ofishin mataimakin firinsifal mai kula da karatu ka ce a ba ka jerin na bana. Ka tambaya kuma ko akwai malamin darasin Addinin Musulunci, domin darasi ne da yaron da ke zuwa Islamiyya zai iya ɗaukar A ko B a cikinsa ba da wata wahala ba in ya saba amsawa da Turanci. Hausa tana cikin darussan WAEC amma samun malaminta a makarantar gwamnati a nan sai an tona.

Yarabanci kuwa kar a yi faɗa da shi. Tun 2018 akwai dokar jiha da ta wajabta koyar da shi a makarantun Legas, kuma yaran da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ai sun fi mu jin sa nesa ba kusa ba, abin da ya rage musu rubutun ne da alamomin da ake ɗorawa a kan haruffa. Maki ne a ƙasa, a ɗauka.

Yanzu maganar suna, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Ka ɗauko takardar haihuwar yaro da silif ɗin NIN da ripot kad ɗinsa ka jera su a tabarma ka duba harafi bayan harafi. Za ka sha mamaki. A takardar haihuwa Muhammad, a NIN Mohammed, a rajistar makaranta malamar da ta rubuta ta sa Muhammed, a wani wurin sunan uba ne a ƙarshe a wani wurin sunan kaka ko na gari, ranar haihuwa kuma an cika 1 ga Janairu saboda ranar da aka je yin NIN ba a tafi da takarda ba. Yanzu WAEC da JAMB duk da NIN ake rajista, JAMB ma lambar NIN ɗin ake turawa 55019 ko 66019 a samo lambar furofayil, abin da ke NIN shi zai fito. In sunan da ke satifiket ɗin WAEC ya saɓa da na JAMB, ranar tantancewa a jami'a ake gane kuskuren, ga rantsuwar kotu ga buga canjin suna a jarida ga zirga-zirga. Ka gyara tun yaro na SS1, gyaran NIN ba ya sauri. Sannan ranar da makaranta ta fitar da takardar da yaro zai duba bayanansa ya sa hannu kafin a tura wa WAEC, ka ce masa kar ya sa hannu sai ya karanta sunansa da ranar haihuwa da darussan ɗaya bayan ɗaya ya kuma tabbata hotonsa ne.

Sai zuwa makaranta kullum, nan ne namu ke faɗuwa ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. Kashi 30 na makin WAEC na ɗan makaranta daga gwaje-gwajen aji yake fitowa, wato si'e, na SS1 da SS2 da SS3, makaranta ce ke tura su. To mu kuma in Sallah ta zo sai a kwashi gida duka a hau tirela ko bas daga Agege a tafi, hutun kwana biyu ya zama wata guda, ko bikin ƙanwar uwa, ko a ce yaro ya je ya taya girbi, ko ya riƙe shago a Alaba Rago tunda Alhaji ya yi tafiya. Ya dawo an yi tes biyu babu shi, gurbin makinsa fanko. A 'yan shekarun nan ma babbar Sallah a cikin lokacin WAEC take faɗowa, don haka mai ɗan SS3 ya cire ran tafiya da shi. In tafiyar ta zama dole kamar rasuwa, ka je da kanka wurin malamin ajin ka faɗa masa kafin ku tafi, ka karɓi lambarsa, in kun dawo ka roƙa a yi wa yaron tes ɗin da ya wuce shi. Malaman nan suna da yara cike da aji, wanda suka san fuskar ubansa shi suke tunawa.

Wannan si'e ɗin ne ma ya sa ba a son canza wa yaro makaranta a SS3. In kana da niyyar mayar da iyali gida ko ɗauko ɗan ƙaninka daga Katsina ya ƙarasa a nan, a yi shi a farkon SS1, in ya yi nisa farkon SS2, a taho da takardar canjin makaranta da ripot kad na baya. Makarantun sakandaren gwamnati a Legas an raba su gunduma shida, kowace da Tuto-Janar ɗinta, wato babban jami'in da ke kula da makarantunta, ta ɗaya tana Agege ta haɗa da Alimosho da Ifako-Ijaiye, ta biyu Maryland ita ke da Kosofe da Ikorodu wato 'yan Mile 12 da Ketu, Mushin da Idi-Araba suna ta shida a Oshodi, Ojo na ta biyar a Agboju. Abin da ya gagara a ofishin firinsifal can ake kai shi.

Gwamnatin Legas tana biya wa 'yan SS3 na makarantunta kuɗin WAEC, amma ba haka kawai ba. Yaro sai ya haye jarabawar ƙarshen SS2, wadda a gaskiya ita ce mashigar, wanda ya faɗi maimaita aji zai yi. Kuma ana neman shaidar cewa uba ko mai riƙo yana biyan haraji a jihar. Mu da yawancinmu kasuwa muke ko tuƙi ko gadi ba albashi ba, wannan kan zo mana a ba-zata, sai a ji mutum na cewa an hana ɗansa don shi Bahaushe ne, alhali takarda ce bai kawo ba. Ka je ofishin LIRS, wato hukumar haraji ta jihar, mafi kusa tun yaro na SS2 ka ce kana sana'ar hannu kana son biyan naka, ka riƙe rasit, ka yi katin LASRRA na mazauna jiha kai da yaron. Taron iyaye ma a riƙa zuwa, in kai kana kasuwa uwar ta je, ko Turancin bai zauna ba akwai maƙwabciyar da za ta fassara.

Ga masu 'ya'ya mata da ke ɗari-ɗari saboda hijabi, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tun watan Yunin 2022 cewa ɗalibai Musulmi na da damar sawa a makarantun gwamnatin Legas. A tambayi makaranta kala da tsawon da ya dace da yunifom, a ɗinka, magana ta ƙare.

A ɓangaren karatun kansa Turanci ne babban dodo. Yaranmu na nan bakinsu ya buɗe da buroka, sai iyaye su ji yana zuba da 'yan unguwa su ce ai ya iya Turanci, amma takardar WAEC insha'i ce ta kalma wajen 450 da karanta labari a amsa tambaya da taƙaitawa, ga kuma takardar furuci inda bambancin p da f ke ba Bahaushe kunya. Maganinsa rubutu, ba wani abu ba. Ka saya masa littafin tambayoyin shekarun baya tun SS2, kowane mako ya rubuta wasiƙa ko insha'i ɗaya ya kai wa malamin Turanci ya duba da jan biro, ko da za ka riƙa sa wa malamin kati a waya. Ka kuma raba masa lokaci da gaskiya, yaron da zai taso daga boko ya wuce Islamiyya ya dawo ya tsaya a shago har goman dare yaushe zai buɗe littafi? A shekarar ƙarshe a yi magana da malamin Islamiyya a rage masa zuwa Asabar da Lahadi, shagon kuma a ɗauke masa. 'Yan sayans ka riƙa tambayarsu ko sun shiga lab sun taɓa kayan da hannunsu, domin firaktikal takarda ce mai zaman kanta.

In yaro na da kai, ka tura shi gasa. Akwai gasar haɗa haruffa ta makarantun gwamnati da aka fara tun 2001 wadda wanda ya zo na ɗaya ke zama gwamnan Legas na kwana ɗaya, akwai muhawara da kacici-kacici tsakanin gundumomi. Ba na jin daɗin yadda yaranmu ke zama a bencin baya a irin waɗannan, su da suke haddace izu goma kafin su shekara sha biyu.

Za a zo maka da maganar santar jarabawa da ake "taimakawa", a ce kawo dubu kaza a yi masa rajista can sakamako tabbas. Ban da haramcin abin, WAEC na riƙe sakamakon santa sukutum in ta ga alamar satar amsa, ka yi asarar kuɗi da shekara, in ma ya fito JAMB a kwamfuta ake yin ta, tambaya 180 cikin awa biyu, maki 400, babu mai rubuta masa. Gara in kana da hali ka biya masa NECO a matsayin ta biyu, in kuma an samu giɓi a darasi ɗaya akwai jarabawar masu zaman kansu da muke ce wa GCE, WAEC na yin ta sau biyu a shekara, a cike a haɗa zama biyu.

Bayan sakamako ya fito da sauran aiki. Katin da ya shiga jarabawa da shi kar ya ɓata, lambobin duba sakamako suna jikinsa. Ya koma makaranta ya yi kiliyarans ya mayar da littattafan gwamnati ya karɓi testimoniya, a je santar JAMB a ɗora sakamakon a shafinsa don ba a ba da gurbi in babu shi, a kuma tuna sai ya cika shekara 16. Takardar shaidar ƙaramar hukumarku ta asali ita ma a aika gida a yo ta da wuri, domin jami'o'in tarayya suna ware kashi 20 na gurabe ga jihohin da aka bari a baya a boko, irin su Jigawa da Zamfara da Kebbi da Yobe, kuma yaron da aka haifa a Agege in takardarsa ta nuna can ne asalinsa yana cikin masu wannan haƙƙin.