Kurakuran da ke hana maganin tsutsar ciki aiki a garke

Daga Yuli zuwa Satumba ciyawa ta yi shar a dajin Kano da Jigawa, amma a lokacin ne tumaki da awaki da yawa ke ramewa, gashinsu ya tashi, ƙanana su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ka tambayi mai su, zai ce maka ai ya ba da magani. Gaskiyarsa, ya bayar. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka bayar, da lokacin, da kuma wa aka ba.

Mutane da yawa sai sun ga tsutsa a kashin dabba, ko sun ga zawo, suke yarda akwai ta. Waɗannan fararen guntaye masu kama da shinkafa da ake gani a kashin 'yan raguna na tsutsa mai faɗi ne, kuma ɓarnarta kaɗan ce. Mai kisa ba a ganin ta. Siririya ce kamar zare, likitoci na kiran ta Haemonchus, tana maƙale a ɓangaren ƙarshe na tumbin dabba, kafin hanji, tana shan jini. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a yini, su fita a kashi, su ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, cikin mako guda 'ya'yan sun hau ciyawa suna jiran baki. Sau da yawa ba ta sa zawo ko kaɗan. Don haka a daina duban ƙasa, a dubi ido. Ka ja fatar idon ta ƙasa a cikin haske: idan ciki ja ne, da sauran jini, idan ya koɗe ya yi fari-fari, ko kuma ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa, dabbar na bakin mutuwa. A damina a yi wannan dubawa duk mako biyu. Ba ta cin ko kwabo, kuma ni dai ban san wata dabara da ta fi ta ceton ƙananan dabbobi ba.

Akwai kuma masu juya abin: duk zawo tsutsa ce. Akuyar da ke zawo da majina da kwantsa da gyambon baki, ga zazzaɓi, ga shi yana bin garke da sauri, wannan ya fi kama da annobar awaki da ake wa rigakafi da allurar da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke haɗawa. Ita kuwa allurar LA da kowa ke rugawa ya saya, ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta taɓa tsutsa.

Babban kuskure, wanda ya fi ci mini rai, shi ne awo da ka. A ɗebo magani a murfin kwalba, ko a ɓalle ƙwaya biyu a raba wa tumaki huɗu don a yi tattali. Maganin da bai kai ba raunanan tsutsotsi kawai yake kashewa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, bayan 'yan shekaru garken ya cika da irin da magani ba ya ci, ko an ninka. A auna dabba. Ma'aunin rataye na hatsi da buhu ya isa ga tunkiya da akuya. Idan ba hali, a yi lissafi da nauyin wadda ta fi girma a cikin sa'anninta. A karanta kwalba kuma, domin farin maganin nan albendazol akwai mai ƙarfin kashi 2.5 akwai mai kashi 10, na biyun ya ninka na farkon sau huɗu. Jikin akuya na saurin narkar da magani fiye da na tunkiya, shi ya sa take buƙatar fiye da awon tunkiya, amma malamin dabbobi ne zai faɗi adadin, musamman a maganin tsutsa mai suna lebamisol, wanda idan ya zarce yakan sa dalala da makyarkyata, har ya kashe. A ɗura maganin tsutsa a hankali ta bayan harshe, kada a zuba a kwatarniyar ruwa inda mai ƙarfi zai shanye rabon maras lafiya.

Kada a ba mai sabon ciki albendazol, wata na farko a tumaki da awaki, kwana 45 na farko a shanu, saboda yana iya nakasa ɗan tayi. Kwalbar da ta yini a rana kan tebur a kasuwa, ko wadda ba lambar NAFDAC, a bar ta. Canza sunan kamfani kuma ba canza magani ba ne. A duba sunan sinadarin da ke ciki.

Wasu sun yi komai daidai, amma sun mayar da dabbar turken da kashi ya taru, laima ko'ina. Kafin wata ya zagayo sababbi sun girma a cikinta. A share garke, a kai takin gona, a riƙa sauya wurin turke, a zuba harawa da dusa a kwami ba a ƙasa ba. 'Ya'yan tsutsa a gindin ciyawa suke, raɓa ce ke taimaka musu hawa, don haka jinkirta kora har hantsi na rage abin da ake haɗiya. Dabbar da ke samun harawar gyaɗa, kowa ko angurya ta fi jure tsutsa, kuma mai shayarwa ta fi kowa buƙata, domin wajen haihuwa ne ƙarfin jikinta ke faɗuwa. Kanwa tana da amfaninta, amma ba ta maye gurbin magani.

Ragon da aka sayo a Wudil ko Maigatari kada a sake shi cikin garke ran nan. A ware shi, a ba shi magani, ya yi kamar mako biyu ana lura da shi.

Masu kiwo a fadamun Haɗeja da bakin noman rani na Kadawa suna da ƙarin abokin gaba, tsutsar hanta, wadda dodon koɗin ruwa ke rainon 'ya'yanta. Allurar tsutsa mai suna ibamektin, zalla, ba ta kashe ta, albendazol kuma manyan kawai yake kamawa. A gaya wa likita inda shanun ke shan ruwa don ya zaɓi maganin da ya dace. Bayan kowane magani kuma akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba na dakatar da shan nono da yanka. Mai ragon layya ya ƙirga su tun Sallah na nesa.