Yadda nake koyar da hatimin gado ta hanyar aikin Azim Surani

Ɗan'uwa malami, idan ka zo babin gado, kada ka fara da ma'anar kalmomi, barci za su yi maka. Ni da tambaya nake farawa: tunda uwa na ba da rabin ƙwayoyin gado, uba ma rabi, me zai hana a haɗa rabi biyu na uwa kaɗai a samu ɗa? Ka bar su su yi gardama minti biyar. Yawanci za su ce ai lissafi ya cika.

Daga nan sai ka kawo mutumin. Azim Surani a Kisumu ta Kenya aka haife shi, a 1945. Ya yi digirin digirgir a Kambirij a ƙarƙashin Robert Edwards, wanda ya jagoranci aikin haɗa ƙwai da maniyyi a wajen mahaifa. A 1984, yana cibiyar Babraham, shi da Sheila Barton suka gwada wannan tambayar a jikin ɓeraye. A shekarar kuma Davor Solter da James McGrath suka samu sakamako iri ɗaya a Amurka, su ma a nasu ɗakin binciken daban.

Nan ne wurin tsayawa, kada ka yi sauri. Zana ƙwai biyu a allo. Na farko gadon uwa biyu: ɗan tayi ya ɗan siffantu, amma mabiyiya ta tsumbure. Na biyu gadon uba biyu: kayan mabiyiya sun fi yin ƙwari, ɗan tayin kuwa bai kai ko'ina ba. Duka biyun sun mutu tun ciki bai yi nisa ba. Ashe rabin uwa da rabin uba ba aiki ɗaya suke yi ba.

Yanzu ka ba su sunan abin. Ni hatimi nake ce masa, domin yara sun san wasiƙar da aka buga wa hatimi: rubutun ciki bai canza ba, amma alamar da ke kai ta nuna daga wurin wa ta fito. A jikin DNA, zaren da ke ɗauke da saƙon gado, ɗaya daga cikin alamomin nan ƙaramin sinadari ne, metil, kuma shi ke sa a karanta kwafin uba a rufe na uwa, ko akasin haka. Misali ɗaya ya isa: Igf2, ƙwayar gado mai ƙara girman ɗan tayi, kwafin uba ne ke aiki. A 1991 aka gano yana da hatimi, yana cikin na farko-farko da aka gano. Idan ajin na da ƙoƙari, ƙara musu kromozom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 15: yanki guda ne, in na uba ya ɓace a samu cutar Prader-Willi, in na uwa ne a samu Angelman.

Akwai yarinyar da ta taɓa tsayar da ni da tambaya: to namiji da ya gaji hatimin uwarsa, me zai ba ɗansa? Na ji daɗin tambayar ƙwarai, don abin da Surani ya koma bi ke nan bayan ya koma cibiyar Gurdon a Kambirij. A ƙwayoyin da za su zama maniyyi ko ƙwai, ana goge tsohon hatimi, a buga sabo daidai da jinsin mai shi. Idan ba wanda ya yi wannan tambayar, kai ka rubuta ta a allo, ka ba su ita aikin gida, amsar sai darasi na gaba.