Kurakuran da masu rubuta manhaja suka fi yi wajen dogaro da GitHub ko barin sa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa tunda kowa a tawaga yana da kwafin aikin a kwamfutarsa, ba abin da zai ɓata ko da an rufe asusun GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan manhaja a kansa. Git, tsarin da GitHub ya ginu a kansa, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana riƙe tarihin lambobin manhaja (code) ne kawai. Rahotannin matsala, tattaunawar da aka yi kan kowane gyara kafin a haɗa shi, da fayilolin da aka saki ga masu amfani, duk suna cikin rumbun GitHub ne. Kuma rufewar tana faruwa. A 2019 GitHub ya taƙaita asusun masu amfani a Iran, Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka, a Oktoban 2020 kuma ya cire youtube-dl, wani shirin saukar da bidiyo, bisa ƙorafin haƙƙin mallaka, sai a Nuwamba ya dawo da shi.

Gyaran yana da matakai. A yi `git clone --mirror` domin a samu dukkan rassa (branches) da alamomi (tags) na aikin. Idan aikin yana amfani da Git LFS, tsarin adana manyan fayiloli, a bi da `git lfs fetch --all`, in ba haka ba za a tarar da 'yan ƙananan fayiloli masu nuni kawai a madadin hotuna da manyan fayiloli. Wiki, wato shafukan bayanin aikin, ma'ajiya ce daban mai ƙarewa da `.wiki.git`, sai an kwafe ta ita kaɗai. Rahotanni da tattaunawa kuwa ta API, hanyar da wata manhaja ke karɓar bayanai daga GitHub, ake fitar da su, ko ta kayan ƙaura da ke cikin Forgejo, Gitea da GitLab, manhajoji masu aiki irin na GitHub da mutum zai iya kafawa a sabarsa.

Wasu suna son turawa wuri biyu a lokaci guda, sai su ƙara adireshi ɗaya da `git remote set-url --add --push origin`. Daga nan Git ya daina turawa tsohon wurin, domin sabon adireshin ya maye gurbinsa. A yi umarnin sau biyu, kowane wuri da nasa, sannan a duba da `git remote -v`.

Sai masu barin GitHub cikin fushi su kafa sabar kansu, kamar yadda da yawa suka yi bayan Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. Kafa sabar kanka aiki ne na yini ɗaya. Kula da ita ba shi da ranar ƙarewa. GitLab yana da nauyi, yana buƙatar gigabait da dama na ƙwaƙwalwa, alhali Gitea da Forgejo suna tafiya a ƙaramar na'ura. Tawagar mutum biyar ba ta da dalilin ɗaukar babban. Wanda ba shi da mai kula da saba ya fi dacewa da Codeberg, ƙungiyar da ba ta neman riba a Jamus, wadda ke gudana kan Forgejo.

A sabar kai, ajiyar kwafi ce ke kayar da mutane. A GitLab, umarnin `gitlab-backup create` ba ya haɗa `gitlab.rb` da `gitlab-secrets.json`. Idan na biyun ya ɓata, ba za a iya buɗe bayanan da aka kulle a rumbun ba, har da na tantancewa mai mataki biyu da sirrin ayyukan CI, wato gwaje-gwajen da ke gudana da kansu. A ajiye su daban, a wata na'ura, kuma a gwada dawo da komai a saba marar komai, domin ta haka ne kaɗai ake sanin kwafin yana aiki.

A Gitea da Forgejo, a rufe rajistar baƙi da `DISABLE_REGISTRATION = true` a cikin `app.ini`, ko masu tallan banza su cika wurin. A riƙa sabunta manhajar: a 2021 an kutsa sabobin GitLab masu yawa ta wani ramin tsaro mai lamba CVE-2021-22205, watanni bayan an fitar da gyaransa.

Abin da ake mantawa bayan ƙaura shi ne adireshin da ya shige cikin aikin kansa: `.gitmodules`, sunan kunshin yaren Go da ke farawa da github.com, da ayyukan GitHub Actions, tsarin GitHub na gudanar da ayyuka da kansu. Forgejo Actions yana kama da shi, amma ba kowane fayil ke tafiya ba tare da gyara ba, kuma sai an kafa masa na'urar gudanarwa daban. Sirrin da aka adana a Actions ba a iya sake karanta shi daga shafin, don haka a tanadi asalinsa a ma'ajiyar kalmomin sirri tun kafin ranar ƙaura.