Yadda Ake Hana Ƙananan Hidimomi Cinye Lokacin Babban Aiki

Ɗalibin da babi na uku na kundin digirinsa yake jiransa, amma ya wuni yana wanki, yana goge takalmi, yana amsa saƙonnin WhatsApp, zai kwanta a gajiye yana ganin ya yi aiki, alhali abin da ya fi damunsa ko motsi bai yi ba. Irin wannan jan ƙafa yana da wuyar ganewa, domin duk uzurin da yake kawowa gaskiya ne.

Matakin farko ana ɗaukarsa tun da dare. Ka rubuta aiki ɗaya tak da za ka yi gobe, kuma ka ƙayyade shi. "Zan rubuta kundi" nauyi ne da zuciya take gudu, amma "shafi biyu na babi na uku" abu ne da hannu zai iya kamawa.

Na biyu, wanda a ganina shi ne ginshiƙi, ka ba wannan aiki lokacin da ke tsakanin sallar asuba da hantsi, kafin ka taɓa tsintsiya ko waya. Da sanyin safiya ake kama fara. A hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma Sakhr al-Gamidi, wanda ya ji hadisin, da sassafe yake tura hajarsa har ya yi arziki.

Idan zama ya yi nauyi, ka yi aikin minti 25, ka huta minti 5, dabarar da Francesco Cirillo ɗan ƙasar Italiya ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980.

Daga nan sai ka tattara shara, wanki da cefane wuri guda, ka yanka musu lokaci, misali bayan la'asar. Masanin tarihin nan na Ingila, Northcote Parkinson, ya lura tun 1955 cewa aiki yakan miƙe har ya cika duk lokacin da aka ba shi. Guga da ɗiban ruwa kam dole su bi zuwan wuta da famfo, don haka idan sun katse ka, ka rubuta jimlar da za ka ci gaba da ita kafin ka tashi.

Aiken iyaye ba a ture shi. Ka sanar da su cikin ladabi sa'o'in da ka keɓe, ka kuma tambaye su tun da dare abin da suke bukata gobe.