Yadda Ake Saita Katin Ko-ta-kwana a Babban Suwic

Ofisoshi da dama a Abuja suna sayen babban suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis) mai katin sarrafawa biyu, ɗaya yana aiki, ɗaya yana jiran ko-ta-kwana, a ɗaura shi a rak, wato kantar ajiye na'urori, kowa ya saki jiki. Sai ranar da kati na farko ya mutu a gane na biyun bai taɓa shiryawa ba. Ga yadda za ka tabbatar naka a shirye yake. Misalinmu Cisco Catalyst 4507R+E ne, wanda gurbi na 3 da na 4 a cikinsa na katunan sarrafawa ne kawai.

Fara da daidaita katunan. Dole su zama samfuri ɗaya, da manhajar IOS, wato manhajar Cisco da ke tafiyar da suwic, siga ɗaya. Wanda ya sayo kati ɗan kwatano ya zura bai duba ba, nan yake tuntuɓe. Idan sigar ta bambanta, suwic yakan sauka daga yanayin SSO zuwa RPR. A SSO, katin ko-ta-kwana ya gama tashi tsaf, yana riƙe da saiti da halin kowace ƙofa, saboda haka yana karɓar aiki cikin ƙiftawar ido, ƙofofi ba sa faɗuwa. A RPR kuwa rabin tashi ya yi. In na farko ya faɗi, sai katunan layi, wato masu ɗauke da ƙofofin jona waya, duka su sake tashi, a yi mintuna ba intanet, ba wayar ofis.

Sa igiyar hannu mai sauke lantarkin jiki, ka zura katin a hankali har hannayensa biyu su kulle, ka ɗaure sukurori. Kati mai rabin zama yana jawo matsalar da za ta sa ka wuni kana zargin manhaja. Sannan ka shiga saiti, ka rubuta `redundancy`, sai `mode sso`, ka adana. Saiti yana kwafar kansa zuwa kati na biyu, amma fayil ɗin manhaja ba ya bin sa. Kai za ka kwafe shi zuwa `slavebootflash:`, wato ma'ajiyar kati na biyu, ka kuma duba layin `boot system` yana nuna sunan fayil ɗin daidai.

Yanzu buga `show redundancy`. Abin da kake nema kalma biyu ce: STANDBY HOT. In ka ga STANDBY COLD, da sauran rina a kaba, koma kan sigar manhaja.

SSO bai isa ba in suwic ɗin yana zaɓen hanyoyin da bayanai za su bi, ta amfani da OSPF ko BGP, ƙa'idodin da na'urori ke sanar da juna hanyoyi da su. Ƙara `nsf` ƙarƙashin OSPF, da `bgp graceful-restart` a BGP, kuma maƙwabtan na'urori su san wannan tsari. In ba haka ba za su goge hanyoyin da suka koya daga gare ka, a sake lale. Wayoyin da ke hawa sama zuwa sauran cibiyar sadarwa kuma ka raba su, ɗaya a kowane kati, ka haɗe su da LACP, tsarin da ke sa wayoyi da yawa su yi aiki kamar ɗaya, domin ƙofofin da ke jikin katin da ya mutu tare suke tafiya da shi.

Sai wuta. Kati biyu a kan soket ɗaya ba ko-ta-kwana ba ne. Kowace tukunyar wuta ta suwic, wato sashen da ke ba shi lantarki, ta samu UPS (batirin ajiyar wuta) nata, wanda zai iya riƙe nauyin akwatin duka kafin janareto ya ɗauka. Da hunturu kuma a riƙa share ƙurar fanka, a Maris da Afrilu a sa ido kan na'urar sanyaya ɗaki.

Gwajin yana da kyau a yi shi ranar Asabar da dare. Jona wayar konsol, wato wayar ba da umarni kai tsaye, a kowane kati, ka saki `ping` (saƙon gwajin isa) marar yankewa daga wata kwamfuta zuwa sabar, sannan ka buga `redundancy force-switchover`. Ƙirga saƙonnin `ping` nawa suka ɓace, ka rubuta. Tsohon katin zai sake tashi ya koma ko-ta-kwana, ba ya ƙwace mulki da kansa. Kada ka sake juyawa sai ka ga STANDBY HOT ta dawo.